BAYAN KYAMARA: Fuskar jaruma, ranar Wudil da farin kwali

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin masu kallon finafinan Hausa, musamman 'yan mata da samarin majalisa. Za a ga jaruma a wani fim fuskarta ta yi jawur kamar an shafa mata manja, a wani fim ɗin kuma da ya fito a cikin watan ta koma toka-toka kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Nan take sai a yanke hukunci: ai mai take shafawa, ko kuma ai man ne ya ƙare. Wani lokacin ma a cikin fim guda ne, a falo launinta daban, da ta fito tsakar gida ta zama wata. Ba a ce babu masu shafe-shafe a industiri ba, akwai su kamar yadda suke a ko'ina. Amma sau da yawa baiwar Allah ba ta shafa komai ba. Mai ɗaukar hoto ne bai ɗaga farin kwali a gaban kyamara ba kafin darakta ya ce a fara.

Garin Wudil wuri ne mai kyau na auna wannan magana. Kimanin kilomita 40 ne daga Kano, ga kogi da gada, ga masunta da masu ɗiban yashi, ga kasuwar shanu da ke cika ranar Juma'a, ga kuma ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Duk mai neman lokeshin ya samu. A unguwar Sabon Gari kuwa, kamar sauran unguwannin garuruwan Kano, ba a rasa matashin da ke ɗaukar bidiyon biki da suna, ko 'yan barkwancin da ke haɗa gajeren fim da waya su ɗora a YouTube da TikTok. Kuma kukan galibinsu ɗaya ne: da za a samu babbar kyamara, da an wuce wurin. Wani har babur ɗinsa yake tunanin sayarwa. To, a yi hattara. Ranar Wudil ta tsakar watan Afrilu ba ta san tsadar kyamara ba. Abin da ta yi wa ƙaramar waya shi za ta yi wa kyamarar miliyoyi, muddin babu 'yan tarkacen da ake sarrafa haske da su.

A fara da maganar launi. Idon ɗan Adam yana da wayon da kyamara ba ta da shi. Idan mutum ya sa farar shadda ya tsaya a rana, fara ake gani. Ya shiga ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki, nan ma fara ake gani, domin ƙwaƙwalwa tana gyara lissafi ba tare da an sani ba. Alhali hasken ba iri ɗaya ba ne. Ma'aunin launin haske shi ake kira Kelbin, ana rubuta shi da harafin K. Fitilun fim masu zafi irin na da suna kan 3200K, haskensu ja-ja ne. Hasken rana da hantsi ko azahar yana wajen 5600K. Inuwar bango ko ta bishiya a ranar da sama ta washe tana iya kai 7000K ko fiye, shuɗi-shuɗi ke nan. Kyandir da aci-balbal kuwa ba su wuce 2000K ba. Ita kyamara dole a gaya mata wanne ne fari a wannan wuri, a wannan lokaci. Wannan shi ne abin da ma'aikata ke kira wayit balans, wato daidaita fari.

Yadda ake yi ba wuya. A kawo farin kwali ko kati mai ruwan toka wanda aka yi don wannan aiki, a riƙe shi daidai inda fuskar jarumi za ta kasance, hasken da zai sauka a fuskar ya sauka a kansa, a cika hoton da shi, a danna maɓalli. Shi ke nan, bai kai minti guda ba. Amma a lura da wannan "daidai inda fuskar za ta kasance", domin nan ake yawan yin kwaɓa. Yaron kyamara yana tsaye a rana ya ɗaga takarda, jarumar kuwa tana zaune a inuwar darbejiya. An daidaita farin rana, an ɗauki fuskar inuwa, sai ta fito shuɗiya.

Wani abin dariya shi ne idan babu kwali, sai a ce wa wani mai farar riga ya juyo da bayansa. Mai wanki kuwa ya riga ya tsoma rigar a bula. Ido yana ganin ta fara tas, kyamara tana ganin shuɗi, sai ta ƙara ja da rawaya don ta kashe shi, duk fim ɗin ya koma ruwan ɗorawa. Farar takardar ofis ma tana da ɗan wannan hali, saboda sinadarin da ake sa mata don ta yi ƙyalli. Gwanaye sukan yi amfani da wannan da gangan: su daidaita fari a kan kati mai ɗan shuɗi kaɗan don fata ta fito da ɗumi. Bambancin shi ne su sun san abin da suke yi, kuma kati ɗaya suke riƙewa daga farkon fim har ƙarshensa.

To me ya sa ba za a bar kyamara ta yi da kanta ba, tunda akwai otomatik? Saboda otomatik ɗin hasashe yake yi. Yana duba duk abin da ke cikin hoto ya yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki. A tsayar da jarumi a jikin jan bangon ƙasa, kyamara za ta ɗauka hasken ne ya yi ja, ta zuba shuɗi, fuska ta mutu. A wajen waƙa abin ya fi muni, inda jaruma ke sauya kaya baiti bayan baiti. Ta sa jan leshi fuskarta ta yi wani launi, ta sa koriyar atamfa ta yi wani. Mai kallo a gida ba ruwansa da Kelbin, cewa zai yi yarinyar nan ta fara lalacewa.

Cikin ɗaki kuma wata rigimar ce. A ɗauki falo a Sabon Gari da rana tsaka: taga tana shigo da hasken rana, a sama ga ƙwan lantarki, gefe guda an kunna fitilar fim mai ja, wataƙila ma ga fitilar caji mai shuɗin haske da aka ƙara don wai wurin ya yi duhu. Haske iri huɗu a fuska ɗaya. Babu katin da zai gyara wannan, domin duk wanda aka daidaita, sauran sun kauce. Dole a zaɓi ɗaya ya zama shugaba. Ko a kashe na ɗaki a dogara da taga, ko a rufe taga ruf a dogara da fitila, ko kuma a sa wa fitilar jel, wato wata leda mai jure zafi da ake mannawa a gabanta. Shuɗiyar, mai suna CTB, tana mayar da jan haske irin na rana. Mai ruwan lemo, CTO, tana yin akasin haka. Fitilun LED na yanzu da dama suna da maɓallin da ake juyawa daga 3200 zuwa 5600, sun rage wahalar. Sai dai masu arhar cikinsu suna zuba wani kore-kore a fata wanda ko a wajen editin da ƙyar yake fita. Mai saye ya duba lambar CRI a jikin kwalin. Daga 95 zuwa sama ake nema. Kuma a tuna wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa ne, don haka hoto 25 a daƙiƙa da shota 1/50 su ne suka dace da ita. Wayoyi da yawa suna zuwa a kan 30, shi ya sa ake ganin hoto yana ƙyafta ido ko baƙaƙen layuka suna tafiya a ƙarƙashin wasu fitilun. Idan ƙaramin janareto ne mai hawa da sauka, sai addu'a.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta wuce ta kayan aiki. Ita kanta sana'ar hoto ba da baƙar fata aka auna ta ba tun asali. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita injin. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da wanda ya haɗa mata masu launi daban-daban. Ko a kyamarorin bidiyo irin su Sony PD150 da PD170, da suka yi tashe a farkon shekarun 2000, akwai wasu layuka da ake kira zebra da ke nuna ƙarfin haske, kuma ƙa'idar da littattafai ke koyarwa ita ce a sa fuska a kan 70. Wannan lissafin farar fata ne. Wanda ya tilasta wa fuskar Bahaushe wankan tarwaɗa ko baƙi ta kai 70, ya wanke ta, ya kuma ƙona duk wani fari da ke kusa da ita.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Mai kyamarar da bai iya haska baƙar fata ba zai ce wa darakta wance ba ta da kyau a kyamara. Darakta ya gaya wa furodusa, furodusa ya nemo fara. Yarinyar da ke son shiga fim, ko amaryar da ta kalli bidiyon bikin ƙawarta ta ga yadda baƙaƙen cikin ƙawaye suka ɓace a hoto sai haƙora, ta fahimci saƙon, ta nufi kantin kayan shafa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Ba fim ne kaɗai ya jawo ba, amma rashin adalci ne a ce wa mace ta sauya fatarta saboda wani ya kasa riƙe allo.

Allon da ake nufi shi ne rifilekta, mai dawo da haske. Na kanti yakan zo da fuska biyar a jaka ɗaya: fari, azurfa, zinare, baƙi, da wani shara-shara da haske ke ratsawa. Da azahar a bakin kogin Wudil rana tana saman kai, ramin ido ya yi baƙi, ƙarƙashin hula ko gyale ya yi duhu, goshi da karan hanci kuma suna walƙiya. Gyaran shi ne a ɗaga shara-sharan a saman jarumi ya tace ranar, sannan a riƙe farin daga ƙasa-ƙasa a gefe ya cike inuwar. Na azurfa yana da ƙarfi, yana sa mutum runtse ido, ya fi dacewa daga nesa ko da yamma. Na zinare kuwa a yi masa a hankali. Da shi ake mayar da mutane kamar soyayyen ƙosai. Baƙin ma yana da aiki, shi ke shanye haske a gefe guda don fuska ta samu siffa, kada ta zama shafal kamar faranti.

Sirrin baƙar fata shi ne ba yawan haske take so ba, faɗinsa take so. Tana da sheƙi, tana nuna siffar abin da ya haska ta kamar yadda gogaggiyar tukunya ke yi. A dalla mata ƙaramar fitila mai ƙarfi, sai a ga ɗigon fari a goshi, sauran fuskar duhu. A kawo faffaɗan farin allo kusa da ita, sai hasken ya kwanta a kumatu ya bi siffar fuska. Kusancin yana da muhimmanci, domin idan aka ninka nisan fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta ne kawai ke isa. Wanda ke son ganin yadda ake yi ya nemi Mother of George na 2013, wanda ɗan Nijeriya Andrew Dosunmu ya ba da umarni, Bradford Young ya ɗauka. Ko Moonlight na 2016. Baƙaƙen mutane ne a ciki, kuma babu wanda aka wanke.

Masoya finafinan Indiya su ma suna da nasu darasin. Subrata Mitra, mai ɗaukar hoton Satyajit Ray, yana ɗan shekara 21 ya fara Pather Panchali bai taɓa riƙe kyamarar fim ba. A wajen Aparajito na 1956, tsoron ruwan damina ya sa aka gina tsakar gidan labarin a cikin sutudiyo. Maimakon ya dalla wa 'yan wasa fitilu, sai ya shimfiɗa farin yadi a sama ya haska yadin, hasken ya dawo a tausashe kamar na sararin sama. Farin yadi dai, irin wanda ke jibge a Kantin Kwari. Haka ma farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin firji, ko falankin da aka manna wa takardar azurfa bayan an ɗan cukuikuye ta, duk suna aiki. Rashin kuɗi ba hujja ba ne a nan. Rashin yaron da zai tsaya ya riƙe, shi ma a biya shi haƙƙinsa, shi ne matsalar.

Masu kula da sutura su ma da hannunsu a ciki. Alhaji a fim sai da farar babbar riga, to amma farar shadda mai maiƙo da baƙar fuska a tsakar rana sun fi ƙarfin yawancin kyamarori. A bi fuska, rigar ta ƙone, aikin wuyan da aka biya kuɗi ya ɓace; a bi riga, Alhaji ya zama inuwa. A Amurka tsohuwar dabara ce a tsoma fararen kaya a ruwan shayi don a kashe musu kaifi, a kyamara kuma su fito farare. Wanda ba zai iya sa shaddarsa a shayi ba, ya sa ruwan madara ko sararin samaniya.

Sai zurfin fokas, wato iya faɗin wurin da ke fitowa tangaran a gaba da bayan jarumi. A zamanin Sangaya da Wasila, wajen 1999 zuwa 2000, kyamarorin kaset ake amfani da su, kuma sensar cikinsu ƙanana ne ƙwarai. Komai yana fitowa, daga fuskar jarumi har yaran unguwa da ke leƙe a can baya. Dabarar gwanayen lokacin ita ce su ja da baya sosai su jawo da zum. Da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 da babbar sensa, 'yan'uwanta suka biyo baya suka cika lokeshin, sai aka samu abin da aka daɗe ana sha'awa a finafinan waje: fuska tsaf, baya ya narke.

Amma narkar da baya yana buƙatar a buɗe ƙofar hasken idon kyamara sosai, kamar f/2.8, ga kuma rana. A yi lissafi: a rana tsaka, da ISO 100 da shota 1/50, ƙofar sai an matse ta zuwa wajen f/22. Daga nan zuwa f/2.8 mataki shida ne, kowane mataki ninkin haske ne, wato haske ya yi yawa sau 64. Abin da rago ke yi shi ne ya ƙara gudun shota zuwa 1/2000 ko fiye. Hoton zai daidaita, amma motsi ya lalace. Mai rawa ta riƙa tsalle-tsalle kamar ana fizgar ta, ruwan kogi ya zama tsakuwa. Maganin shi ne gilashin ND, tabarau ne na kyamara, yana rage haske ba ya taɓa motsi. ND8 yana rage mataki uku, ND64 shida. Abin mamaki, tsohuwar PD150 tana da nata a ciki har hawa biyu, amma ƙananan kyamarorin hoto da aka koma yayi ba su da shi, sai an saya daban, shi ne kuma abin da ake mantawa a kanti. Akwai wanda ake juyawa ya ƙara duhu ko ya rage, yana da sauƙin aiki, sai dai mai arha yana kawo baƙin gicciye a hoto idan aka kai shi ƙarshe, yana kuma sauya launi. Don haka a ɗaura gilashin tukuna, a tsayar da allo da fitila, sannan a ɗaga farin kwali. Wanda ya fara da kwali ya yi aikin banza.

Ɗan'uwansa folaraiza shi ne na bakin ruwa. Ana juya shi ya kashe walƙiyar kogi, ya fito da shuɗin sama, ya rage ƙyallin gumi a goshi. Kada dai a kashe ƙyallin duka, fuska sai ta zama kamar ta gunki. A watan Disamba da Janairu kuwa hazo ya riga ya tace rana kyauta, abin da ya rage shi ne a kare idon kyamara daga ƙura, kuma a daina goge shi da bakin riga.

Yanzu kuma an wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Tun da finafinai masu dogon zango suka karɓe kasuwa bayan zuwan Arewa24 a 2014 da tashen YouTube, sai ya zama duk wanda ya sayi idon kyamara mai milimita 50 ya bar shi a f/1.8 daga safe har dare. A babbar sensa, idan jarumi yana nisan mita 2, abin da ke fitowa tangaran bai wuce santimita 17 ba. Ya ɗan sunkuyo ya gaishe da mahaifinsa, ya fita daga fokas. Mutum biyu suna magana, ɗaya tsaf ɗaya hayaƙi. A matse zuwa f/5.6, wurin ya haura rabin mita, kowa ya samu sukuni. Manyan kamfanoni suna da mutum guda wanda aikinsa kawai juya fokas ne, da ɗan dabaran da ake ɗaurawa a gefen kyamara, ana kuma manna alama a ƙasa inda jarumi zai tsaya. Wanda ba shi da wannan mutum, bai kamata ya yi wasa da f/1.8 a wurin da ake tafiya ko rawa ba.

Sannan akwai tambayar da ya kamata darakta ya yi wa kansa. An ɗauko mutane a bas daga Kano, an sha mai, an biya abinci, an zo Wudil don gada da kwale-kwale da ƙahonin shanu a kara, sai kuma a narkar da su duka su zama wani hazo mai launi a bayan jaruma. To me aka zo yi? Da a bayan gida aka tsaya a Zoo Road. Citizen Kane na 1941, wanda Gregg Toland ya ɗauka, ya yi suna ne saboda akasin haka: na gaba da na can ƙurya duk a fili suke, mai kallo ya zaɓi wanda zai kalla. Idan labarin na ɗan masunci ne, kogin ma ɗan wasa ne, a bar shi ya fito. Idan kuma hawaye ne ke gangarowa a kuncin uwa, nan ne ake buɗe ƙofar a share duniya.

Masu ɗauka da waya su ma an ba su nasu narkarwar, tun daga iPhone 13 a 2021 da wasu wayoyin Android. Ita wannan ba ta gilashi ba ce, lissafin kwamfuta ne, waya ce ke hasashen inda mutum ya ƙare. Tana yin ƙoƙari a kan mai aski da ƙaramar riga. A kawo mata amarya da ɗaurin ɗankwali mai kunnuwa da gyale shara-shara, sai ta cinye gefen ɗaurin, ta bar wani ɓangaren bango a cikin gyalen. Gara a kashe ta, a matsar da amaryar taku biyar daga jikin bango, a danna fuskarta a allon wayar a riƙe har haske da fokas su kulle, ƙaninta kuma ya tsaya a gefe da farin kwali.